Rabon Yashi

Zafin bana ya isa a kira shi zafi. Shekaranjiya da hantsi na gangara rafinmu don in miƙe ƙafa, tunda likita ya matsa sai na riƙa tafiya, kafin in kai tsakiyar yashi na ji tafin ƙafata yana soyuwa ta cikin takalmi. Ko'ina ƙarar injin ban-ruwa, kowane manomi ya soka bututunsa a ƙasa yana zuƙo abin da ya samu, wasu ma da hasken rana suke jan nasu. Na sami gindin wani ɓaure na zauna ina haki. A nan ne wata bazara ta shekarun casa'in ta faɗo mini a rai, bazarar da na rubuta takardar da ta kusa korar surukaina daga ƙasar nan.

Ina malamin gona a lokacin, ƙaramin ma'aikaci mai keke da jakar takardu, ina kuma da 'yar fadamata ta albasa a ƙauyenmu da ke gefen Fulatan. Ba a daɗe da yanke ƙaramar hukumar Rogo daga ta Karaye ba. Kafin rabuwar, ni da abokina Malam Garba tebur ɗaya muke zama a ofis, kwano ɗaya muke ci, biro ɗaya muke rigima a kai. Da aka raba, shi ya tsaya a Karaye, ni aka dawo da ni gida. Aka raba kujeru, aka raba kekunan rubutu, har tsintsiya sai da aka raba. Rafin ne kawai ba wanda ya tuna da shi. Kansa yana wajenmu, ya gangara ya shiga ƙasar Karaye, ya bi ta kusa da wani ƙauye da ake kira Yola, inda surukina, wanda kowa ke kira Baffa, ya kafa rugarsa tun kafin a haife ni. Da, in an sami saɓani kan ruwa, hakimi ɗaya zai kira kowa ya tsawatar. Yanzu kan rafi yana wata ƙaramar hukuma, wutsiyarsa tana wata.

Daminar da ta gabaci wannan bazara ta yi mana rowa. Ruwa ya sauka a makare, ya kuma ɗauke dawa tana fitar da kai. Gyaɗa muka tona muka tarar kwanso ya fi ƙwaya yawa. Tun sanyi bai wuce ba aka fara leƙa rumbu ana yin shiru. A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya, da yamma. Da safe koko tsararo wanda za ka iya hango ƙasan kwanon ta cikinsa, da rana in an sami rogo a dafa, in ba a samu ba kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli. Mahaifiyata ta ɓoye babban kwanon awo ta fito da ƙarami, wai don kada hannu ya yi kuskure. Ba za a ce mun kwana da yunwa ba, amma ban tuna ranar da na tashi daga gaban kwano don na ƙoshi ba.

Shi ya sa kowa ya tattara begensa ya zuba a fadama. Mutumin da bai taɓa noman rani ba a wannan shekara ya sari fangali. Muka haɗu muka cika buhuna da yashi, muka datse rafin daga wannan gaɓa zuwa waccan, ruwa ya taru ya yi ɗan tafki. Sarkin Rafinmu, wani tsoho mai faɗa da ake kira Malam Ɗanladi, shi ke raba wa kowa lokacinsa. Da an sallame asuba za ka ga mutane suna gangarawa da fartanya a kafaɗa. Masu jigo suna jan ruwa da guga, injuna biyu ko uku da ake da su suna tari suna hayaƙi, ruwa yana bin 'yan hanyoyinsa yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na ji ƙanshin ganyen albasa haɗe da jiƙaƙƙiyar ƙasa, wannan safiyar nake tunawa. Kafin azahar kuwa ƙarfen fartanya ba ya taɓuwa, sai kowa ya nemi inuwa. Tawa fadamar ita ce ta can ƙarshe, a kan ɗan tudu, ƙasarta jigawa ce mai shanye ruwa. In ta yi kwana biyu ba a ba ta ba, sai ka ga ganyen ya fara sunkuyar da kai.

Matata Ramatu ita ce autar Baffa, tana kuma ɗauke da cikin fari wata bakwai. Kamar yadda aka saba, gida za ta tafi goyon ciki, ta haihu a ɗakin mahaifiyarta, ta yi wankan jego na kwana arba'in kafin ta dawo. Inna, wato mahaifiyar tata, tun kaka take tara itace a bayan bukka, ta kuma sayi ƙatuwar tukunyar dafa ruwa. Ramatu tana tsoron haihuwar nan, ba ta ɓoye mini ba. Abu ɗaya ke kwantar mata da hankali, in ta tuna cewa ranar da abin zai zo hannun Inna ne zai riƙe ta. Ta lissafa kwanakin tafiyarta a jikin bango da gawayi, kullum ta share ɗaya.

Tsakanina da Baffa kuwa kunya ce irin ta suruki, kuma tasu ta mutanen ruga ta fi tamu tsanani. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na je gaisuwa, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, shi kuma ya amsa yana kallon shanunsa. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. In yana da saƙo, sai ya gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Ramatu, Ramatu ta gaya mini. Na san yana ƙaunata, don duk kaka sai an kawo mini man shanu a ce daga wajen Inna ne, alhali na san wanda ya ce a kawo.

Da zafi ya kankama, mutanen ƙasan rafi suka kai kuka cewa mun datse rafi, mashayar shanunsu ta ƙafe. Gaskiya suka faɗa. Takarda ta zo daga Karaye, tamu hukumar ta amsa cikin mutunci, aka amince a kafa kwamitin haɗin gwiwa: dagatai biyu, kansiloli, Sarkin Rafi, wakilan manoma da na makiyaya. Aka ce malaman gona na ɓangarorin biyu su tsara yadda za a raba ruwan, wato ni da Malam Garba. Murna ta kama mu, don mun yi kewar juna. Muka zauna a shagon mai shayi a kasuwar Rogo, kafin kofi ya huce mun gama. Kwana ɗaya mu datse mu yi ban-ruwa, kwana ɗaya mu buɗe ruwa ya gangara musu. Me ya fi wannan adalci? Garba ya buga ta a keken rubutu, har da layi a ƙarƙashin kan magana. Na karanta ta ya fi sau goma ina jin daɗin kaina.

Aka yi taron a gindin wata tsamiya da ke kan iyaka. Aka shimfiɗa tabarmi, dagatai a kan kujeru, manoma a dama, makiyaya a hagu da sandunansu a kan cinya. Baffa ne babbansu. Ni aka ce in karanta, na miƙe cikin kaftanin da Ramatu ta goge mini da dutsen guga na gawayi, na karanta da murya irin ta rediyo, ina kauce wa ɓangaren da surukina yake. Da na gama aka tambaya ko akwai mai gyara. Ta gefen ido na ga Baffa ya motsa, ya yi gyaran murya, sai kuma ya sunkuya yana zane a ƙasa da sandarsa. Dagacinsu ya lura.

"Baffa, da magana ne?"

"Babu, ranka ya daɗe. Allah ya sa alheri."

Aka shafa fatiha, aka raba goro, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Na koma gida ina gaya wa Ramatu cewa yau mijinta ya kashe rigimar ƙananan hukumomi biyu da takarda ɗaya.

Mun cika alkawari, wannan ko yau zan iya dafa Alƙur'ani a kai. Ranar da ta zama tasu, Malam Ɗanladi da kansa yake tsayawa a ɗage buhuna bayan asuba, yana masifa yana cewa ga abincin 'ya'yanmu nan yana tafiya. Muna kallon ruwan ya kwarara ya sha kwana ya ɓace. Washegari mu mayar da buhuna. Aka yi haka sau biyar, sai saƙo ya zo daga ƙasa cewa ko ɗigo ba su gani ba. Mutanenmu suka ce ƙarya ce, so suke a sakar musu rafin gaba ɗaya. Su kuma suka ce mu ne maƙaryata, ba ma buɗewa. A kasuwa aka fara gaisawa sama-sama, masu tallan nono suka daina biyowa ta unguwarmu. Malam Garba ya zo a kan babur ɗin ofis, fuska a murtuke, ya ce shi fa sunansa ne a jikin takardar nan, in mun san ba za mu buɗe ba da mun faɗa tun farko. Na ce masa in tebur ɗin da muka zauna tare bai sa ya san halina ba, to ya hau babur ɗinsa. Ya kuwa hau. Rabona da ɓacin rai irin na ranar an daɗe.

Kwana biyu bayan haka Inna ta zo gidanmu da ƙafa, cikin wannan rana, da 'yar ƙwarya wadda nonon cikinta bai kai rabi ba. Na gaishe ta daga bakin zaure na bar musu gidan. Da na dawo bayan la'asar ta tafi, Ramatu tana zaune a ƙofar ɗaki idanunta sun yi ja. Ta ba ni labarin rugar: shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, an gama harawa, an gama kara, yanzu reshen gawo ake sassaro musu. Ramukan da suke tonawa a yashi sun kai tsayin mutum biyu, sai an jira rabin yini kafin a cika ƙwarya. Saniya biyu sun kwanta ba su tashi ba. Ruwan da ya rage mai yawa yana da nisa, gonakin rani kuma sun tare hanyar. Baffa ya yanke shawara, Alhamis ta sama za su ɗaure kaya su yi kudu, kuma wanda ya yi irin wannan ƙaura ba lallai ya dawo ba. Ramatu ba za ta iya bin su da wannan ciki ba.

Na fara rantse-rantse cewa muna buɗewa. Ta ɗaga mini hannu.

"Malam, Baffa ya san kuna buɗewa. Ya ce yashi ne. Ya ce yashin rafi in ya bushe shi ma ƙishirwa yake ji, sai ya ƙoshi yake barin ruwa ya wuce. Kwana ɗaya bai ishe shi ba. Kafin ku sake buɗewa rana ta busar da shi, sai a koma farko."

"Tun yaushe ya san haka?"

"Tun a gindin tsamiya."

"To me ya hana shi faɗa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. "Kai ne fa kake karantawa. A gaban dagatai biyu zai ce mijin 'yarsa bai san aikinsa ba?"

Mutumin nan ya gwammace shanunsa su kwanta, ya gwammace ya bar wurin da ya binne iyayensa, da ya kunyata ni a bainar jama'a. Ni kuma da na tsara rabon ruwan rafin da ya yi shekara hamsin yana shayarwa a cikinsa, ko ta bakin Ramatu ban aika na tambaye shi ba, don ina da takardar makarantar gona. Na ji kunya, na ji haushin kaina, na kuma ji son tsohon nan ya cika mini ƙirji.

Washegari ranar buɗewa ce. Na aika wa Malam Garba saƙo ta bakin direban motar kasuwa cewa ya zo da takalmin tafiya, ya bar fushinsa a gida. Ya zo da takalmin, fushin ma ya zo da shi. Aka ɗage buhuna muka bi bakin ruwan da ƙafa. Da farko sai da muka riƙa sauri. Kafin hantsi ya koma tafiyar tsohuwa, yana tura 'yan ciyayi da kumfa a gabansa, yashi yana tsotse shi da wani ɗan sauti kamar ana soya abu. Rana ta take, ba iska, ƙudaje sun dame mu. Bayan azahar faɗin ruwan bai fi tabarma ba. Da la'asar, a wata kwana mai faɗi inda yashi ya fi zurfi, ya tsaya cak, ko rabin hanya bai yi ba. Muka tsaya a kansa mu biyu, malaman gona masu layi a ƙarƙashin kan magana. Garba ya cire hularsa ya share zufa, ya ce, "Haladu, ashe kwana goma muna shayar da yashi." Dariya ta ƙwace mana, irin wadda ba daɗi a cikinta, a nan fushin ya ƙare.

Gyaran ba wuya a baki: a buɗe kwana huɗu a jere, biyu na yashi, biyu na shanu, sannan a datse kwana uku. A kuma haƙa 'yar siririyar hanya a tsakiyar rafin don kada ruwan ya bazu. Wuyar tana wajen mutanenmu. Na tara su a bakin datsi na yi bayani, aka yi mini ca. Kwana huɗu ba ruwa, albasa tana sa kai? Wani ya ce ai dama an san inda zuciyata take, surukaina nake yi wa aiki da albashin hukumarmu. Ban musa ba, don akwai gaskiya a ciki. Malam Ɗanladi ya bari suka gaji, sannan ya ce masu laka a bakin rafi za su jure, in sun matsu su ɗebo da guga. Matsalar ta masu jigawa ce a can ƙarshe, mu uku, kuma ruwan kwana uku ba zai ishe mu duka ba. Ya dube ni da jajayen idanunsa ya ce, "Malam, kai ka kawo magana. Wa zai haƙura?"

Na yi shekaru ina ba da labarin nan kamar nan take na amsa. Ba haka aka yi ba. Sai da na tuna ƙaramin kwanon awon mahaifiyata, na tuna ragon suna da nake sa ran albasar za ta saya. Sannan na ce a toshe hanyar fadamata har damina, a raba wa maƙwabtana biyu rabona. Malam Ɗanladi bai yaba mini ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce to an ji, kowa ya fito da shebur ranar Lahadi.

Garba ya yi ta zirga-zirga da babur tsakanin Karaye da Rogo, a yini ɗaya ya samo sa hannun kowa. Ban taɓa ganin takardar ofis ta yi gudu haka ba. Hukumarsu ta aiko da shebur da diga, tamu ta aiko da buhuna da motar da ta kwashi mutane. Aka yi gayya ranar Lahadi, manoma daga sama suna haƙowa, makiyaya daga ƙasa suna haurowa. Yashi ya yi zafin da sai ka riƙa ɗaga ƙafa ɗaya kana sauke ɗaya. Mutanen da kwana uku da suka wuce ba sa gaisawa, ga su suna karɓar shebur daga hannun juna, ana tsokanar makiyaya cewa riƙon sanda suke yi wa diga, su kuma suna cewa mu da muka shayar da yashi kwana goma ba mu da bakin magana. Matanmu suka kawo kunun tsamiya da dafaffen rogo. Matan ruga suka kawo fura, nonon cikinta don dai a ce an sa ne. Aka zauna a inuwar gaɓa aka sha da ludayi ɗaya. Ni dai da na hango farin rawanin Baffa daga nesa, sai na ajiye ludayin na koma haƙa.

Aka buɗe ranar Litinin bayan asuba. Baffa bai fasa shirinsa ba, ya dai ce zai jira har la'asar ɗin Alhamis. Litinin ruwan ya kai kwanar da ya mutu a gabanmu. Talata ya kwana a nan, kamar ba zai motsa ba, har na fara tunanin na kashe albasata a banza. Laraba da hantsi ya tsallake. Kullum kafin in bi ruwan sai na biya ta fadamata, abin da bai kamata in yi ba. Ranar farko ganyen ya sunkuya, ta biyu bakinsa ya yi rawaya, ta uku ya kwanta a kan fangali, ƙasa ta tsage a gindinsa. Na tona ɗaya na gani, kanta bai fi ƙwan kurciya ba. A gida Ramatu ta daina share layin gawayinta, ba ta kuma tambayata komai, sai dai ta dubi fuskata in na shigo.

Alhamis muka wayi gari a kan yashi, ni da Garba da wasu dattawa daga ɓangarorin biyu, muna tafiya a gefen bakin ruwan kamar masu rakiyar amarya. In ya ci karo da tudun yashi mu buɗe masa da hannu. Azahar ta yi muka yi alwala da shi muka yi salla a gaɓa. Muna sallamewa muka hango rugar. An riga an kwance bukkoki biyu, an ɗora wa takarkarai kaya, tukunyar jegon nan tana ɗaure a saman ɗaya, baki a ƙasa. Shanu ne suka fara sani. Tun ba mu ƙaraso ba suka ɗaga kai suka fara kuka, suna jan ƙafa zuwa mashaya, masu kiwo suna tare su da sanda don kada su tattake hanyar. Ruwan ya silalo a hankali, jaja-jaja da shi, ya leƙa bakin babban ramin da suka tona, ya zuba. Ba wanda ya yi ihu. Na ji dattawa suna ta hamdala ƙasa-ƙasa.

Baffa yana tsaye a kan gaɓa, ya harɗe hannuwa a kan sandarsa. Na tuɓe takalmi na durƙusa a kan yashin nan mai zafi, ban ma ji zafin ba. Ya daɗe yana kallon ramin yana cika. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Malam Garba, ka gaya wa abokinka an ga ruwa." Ya ɗaga murya ya yi wa Inna magana da Fulatanci. Ba na jin Fulatanci sosai, amma na ga ta nufi takarkarin nan ta fara kwance igiyar tukunya.

Haka aka yi ta yi, huɗu da uku, har hadarin farko ya taso. Albasar maƙwabtana ta yi, ba kamar yadda suka so ba, amma ta yi. Tun daga shekarar kwamitin yake zama duk bayan kaka, kafin a jefa buhun farko a rafi, wani lokaci a wajenmu, wani lokaci a wajensu. Yanzu samari ne masu waya, ɗaya ya buga wa ɗaya ya ce ruwa ya wuce wuri kaza, ba mai bin sa da ƙafa. Rigimarsu ta yanzu ta bututu ce, wa ya soka nasa da zurfi. Amma an ce mini har yau in za su raba kwanaki, sai sun fara cire na yashi, kuma sai sun tambayi tsofaffin makiyaya kafin a buga komai. Baffa da Inna sun daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansu, a rugar nan aka binne su. Malam Garba ya yi ritaya, in mun haɗu a ɗaurin aure har yanzu shi yake cewa ni na kawo shawarar kwana ɗaya, ni ina cewa shi ne.

Ramatu ta tafi gida Asabar ɗin da ta biyo baya, a kan jaki, da 'yar jakarta. Ta haihu a ɗakin Inna, mace, lafiya lau. Ragon suna ƙanena ne ya ba ni daga cikin nasa. Kwana arba'in Inna tana ɗebo ruwa daga mashayar nan da kanta, ta tafasa a ƙatuwar tukunya, safe da yamma. Ranar da aka dawo mini da su, Ramatu ta yi ƙiba ta yi haske, 'yar tana ɗaure a bayanta. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon rumfar da na kafa tun sanyi don shanya albasa, ba komai a ƙarƙashinta sai kaji. A shekarar ko ta miya sai da muka saya. Na fara kame-kame zan yi mata bayani, sai ta yi murmushi.

"Malam, bar damuwa. Albasarka ba ta yi asara ba. Safe da yamma da ita na yi wanka, ko ɗigo ban bari ba."

Matan da suka rako ta suka fashe da dariya. Ni kuma, da yake 'yar fari ce ba a ɗauka a gaban mutane, na zagaya ta bayanta kamar zan gyara rumfar, na saci kallon fuskar yarinyar. Tana barci, ta dunƙule hannu, ƙanshin hayaƙin rugar Baffa yana tashi daga zaninta.